Saiwar da ba ta kashe ƙwayar cuta, sai dai ta taimaki jiki

A shekarar 1897 wani matashi ɗan Ingila mai suna Charles Henry Stevens, wanda likita ya ce yana ɗauke da tarin fuka, ya tafi kudancin Afirka neman lafiya. A can wani mai maganin gargajiya ya dafa masa saiwar wani tsiro ya ba shi ya sha, kuma da ya ji sauƙi sai ya koma gida ya shiga sayar da ita da sunan Umckaloabo. Likitocin Ingila sun ɗauke shi ɗan damfara, har aka je kotu bai yi nasara ba. Sai a shekarun 1970 aka tantance cewa tsiron shi ne Pelargonium sidoides, wanda ke fitowa a Lesotho da Afirka ta Kudu, kuma yau ana sayar da ruwan da aka tace daga saiwarsa a kantunan magani na Jamus domin tari da kumburin hanyoyin numfashi.

Abin da ya riƙe hankalina shi ne yadda saiwar take aiki. Idan aka zuba ruwanta a kan bakteriya a ɗakin gwaji, ƙarfinsa na kashe su bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da magunguna irin su penisilin. Aikinsa yana wajen jiki ne: an ga yana rage manne wa fatar maƙogwaro da bakteriya ke yi, yana zaburar da fararen ƙwayoyin jini su haɗiye su, sannan yana ƙara saurin kaɗawar ƙananan gashin da ke share majina daga hanyoyin numfashi. Wato maimakon ya shiga yaƙin da kansa, sai ya ƙara wa masu gadin gida kuzari. Wannan ya sha bamban da tafarnuwa, wadda sinadarinta alisin, da aka ware a 1944, yake far wa bakteriyar kai tsaye.

Ina ganin wannan hanya ta cancanci bincike mai zurfi, domin a shekarar 2019 kaɗai an ƙiyasta mutum miliyan 1.27 sun mutu sakamakon bakteriyar da ta daina jin magani, kuma duk abin da zai rage shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai a kan ƙaramin tari, alheri ne.

Sai dai akwai inda nake jin tsoro ƙwarai. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane sun shafi tari na 'yan kwanaki ne, kuma masu bitar su sun ce hujjar ba ta yi ƙarfi sosai ba. Babu gwaji na zamani da ya tabbatar saiwar tana warkar da tarin fuka, cutar da aka fara tallata ta a kanta. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi addaba, kuma raina yana ɓaci idan na ji mai talla da lasifika a kasuwa yana cewa jiƙonsa yana ƙara garkuwar jiki, don haka ya wadatar. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu, musamman da ramewa ko gumin dare, gwajin majina yake buƙata, sannan maganin wata shida da ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati.