Kore, ja da shuɗi a garejin maƙwabcina

Ranar da na fara leƙa garejin maƙwabcina a nan Teksas, a 2019, na ɗauka wurin gyaran babur ne. Ashe nan dattijon yake sake cika harsasan da yake farautar barewa da su. Yakan tsince kwanson da ya harba, ya wanke, ya mayar da shi sabo fil. Dokar Amurka ta yarda mutum ya yi wa kansa haka. A gida Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana sai da izinin hukuma, don haka wannan hira ce ta nan kawai.

Injinan matsi uku ne a teburinsa, kowanne da launin kamfaninsa. Koren Rock Chucker ne na RCBS, ƙarfen zubi mai nauyi kamar turmi, dai ɗaya tal yake ɗauka. Dai shi ne ɗan ƙarfen da ake murɗawa a saman injin, kwanso ya shiga cikinsa ya koma daidai awonsa. Sai ka gama wa kwanso hamsin mataki guda, ka kwance, ka ɗaura dai na gaba. Jan na Lee ne, kansa yana juyawa da dai huɗu, kuma shi ya fi araha. Shuɗin Dillon 550 ne, duk sanda ka ja hannunsa sai harsashi ya faɗo kammalalle.

Ni dai shuɗin ya tafi da imanina. Dattijon ya girgiza kai, ya ce sai na shekara a kan koren tukuna. Na ji haushi, amma gaskiyarsa. A shuɗin ayyuka huɗu ke gudana lokaci guda, ido kuwa biyu ne. Kwanso zai iya wucewa ba albarushi, ko ya sha sau biyu, kai kana can kana hira. A koren kuwa jera su nake yi a faranti, in haska tocila cikin kowanne kafin in ɗora masa kai.

Abin da ban sani ba da fari shi ne, kusan duk kamfanonin zaren murɗi ɗaya suke yi, 7/8-14, shi ya sa dai na Lee ko na Redding ke zama daram a injin RCBS. Bambancin yana cikin dai ɗin kansa. Kwanso miƙaƙƙe irin na .38 Special, dai mai zoben kabaid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, ke gyara shi, ba ruwansa da mai. Mai wuyan kwalba irin .308 Winchester kuwa dole a shafa masa mai. Wata Asabar na manta da guda ɗaya. Ya cije a cikin dai ɗin, na ja da ƙarfi, gindinsa ya yage. Har la'asar muna huda shi da dirila, dattijon yana kurɓar kofi, ko uffan bai ce ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Da na tashi sayen nawa, tsohon kore na samu na hannu, rarar kuɗin na zuba a dai mai kyau da sikeli. Ba a jima ba aka shiga ƙarancin faraima na 2020 da 2021, ɗan ƙwayar nan da ke tayar da wuta a gindin kwanso. Shuɗin maƙwabcina ya fi shekara a lulluɓe da tsohon bargo. Ni kuwa ashirin nake cikawa a mako, sun ishe ni.