Littattafan da suka taya ni zaman dokar hana fita

Watan Janairun 2010 ne, lokacin da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Jos. Ga sanyi ga tsoro, mu tara cunkushe a ɗaki biyu, Umma ta hana kowa ko leƙa zaure, rediyo kuwa duk tashar da ka murɗa maganar ɗaya ce. A kwana na biyu ne Yaya ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado, cike da tsofaffin littattafan da yake tsinta wajen masu baza su a ƙasa a kasuwar Terminus, wasu ba bango, wasu bera ya ci gefensu. Ya miƙo min ɗaya ya ce "ungo ƙanina, ka daina kallon ƙofar nan haka."

Wallahi ban san lokacin da azahar ta yi ba. Turancina a lokacin bai taka kara ya karya ba, kalmomi da yawa tsallake su nake, amma labarin bai jira ni ba balle ƙamus, an sace kuɗi, mota na bin mota, babi shafi huɗu ko biyar kuma kowanne sai ya ƙare daidai inda aka ɗora wa jarumi bindiga a ƙeya, to ta ina za ka ajiye? NEPA ta ɗauke wuta na koma tocila cikin bargo har batir ya mutu.

Yawancin littattafan na James Hadley Chase ne, wanda iyayenmu ma sun sha karanta shi. Daga baya na gano ashe mutumin Ingila ne, kuma littafinsa na farko a 1939 da taswira da ƙamus na Turancin titi na Amurkawa ya rubuta shi, bai taka Amurka ba a lokacin. Abin ya burge ni sosai, ashe shi ma daga ɗaki ya yi tafiyar tasa, kamar ni.

Na daɗe ina zaton harbe-harben ne ke jan hankalina. Sai da na girma na gane cewa a littafi masifa tana da fuska, ka san waye bos, ka san abin da yake so, kuma ka san kafin shafi na ɗari biyu za a yi ta ta ƙare. A waje kuwa ƙarar harbi kawai muke ji daga nesa, ba mu san wa ya yi ba, ba mu san yaushe za a daina ba, ba abin da za mu iya sai addu'a. Jarumin littafi yana motsi, yana yanke shawara, ni kuma ko shagon bakin layi ba ni da ikon zuwa. Wannan motsin nasa na ara na kwana uku.

Amma fa abin yana da iyaka. Bayan bama-baman Terminus na Mayun 2014 na ɗauki wani littafi da ya fara da tashin bam a kasuwa, shafi biyu na yi hannuna ya fara rawa, na rufe. Har yau ba na taɓa irinsu, na fi son na fashin banki ko ɗan leƙen asiri a can wata ƙasa mai nisa, don in labarin ya yi kama da layinmu to ba hutu a cikinsa. Na kuma koyi kada in fara sabo bayan isha in da aiki gobe, na sha makara sallar asuba a kan "bari in ƙarasa babi ɗaya", kuma wannan ya dame ni ƙwarai.

Kwalin yana wurina yanzu, Yaya ya bar min da zai koma Abuja. Satin da ya wuce ɗan yayata da ke jiran sakamakon JAMB, ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya shigo yana ta latsa waya. Na zaro masa wanda ba bangon nan. Da magariba uwarsa ta kira wai Kawu me ka ba yaron nan ne, tun ɗazu ake kiransa cin tuwo bai ko ɗago kai ba.