Me ya same ta kafin ta ɗauke?

Wata huɗu na yi a shagon maigidana, a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, kafin ya yarda na riƙe ƙarfen liƙi. Duk tsawon wannan lokaci aikina bai wuce bakin kanta ba. In an kawo waya in karɓa, in rubuta irinta a littafi tare da lambobi 15 na IMEI ɗinta, wato lambar shaidar waya, in zare layi da memori in damƙa wa mai su a hannu, sannan in jero tambayoyin da maigida ya sa na haddace. Yaushe ta fara? Ta faɗi? Ta sha ruwa? A gida ake mata caji ko a wajen masu caji? Wani ya taɓa buɗe ta? Sai ta ƙarshe, wadda ya fi matsa mini a kanta: akwai abin da ke cikinta wanda ba ka da shi a wani wuri?

Raina bai so ba. Na zo da takardar difloma ta fannin lantarki, ga yara a shagon da ke jikin namu, waɗanda ko sakandare ba su gama ba, suna ɗaga aisi, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke liƙe a cikin waya, da buloya mai hura iska mai zafi, kamar masu ɓarar gyaɗa. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Oga, ni fa gyara na zo koya." Ko ɗagowa bai yi daga kan allon cikin wayar da yake dubawa ba, ya ce, "Shi kake koya."

A bakin kantar nan na fara gane cewa da yawa daga wayoyin da ake kawowa da sunan sun mutu lafiyarsu ƙalau. In hunturu ya kama, daga Nuwamba har Fabrairu, da wuya rana ta faɗi ba a kawo mana wadda "ba ta caji" ba. Ƙurar hazo ce da audugar aljihu ke taruwa a bakin caji, kullum kan caja yana ƙara danna su ciki har su koma kamar daɓe, shi kuma ya kasa kaiwa ƙarshe. Maigida sai ya kashe wayar, ya ɗauki tsinken sakace da ɗan buroshi, ya yi ta tonowa a hankali, ya jona, ta kama. Mai waya ya ce nawa zai bayar, ya ce masa ya je abinsa. Na san masu gyaran da za su ce bakin cajin ne ya ƙone, su sa buloya su cire lafiyayye su liƙa sabo mai arha, su karɓi kuɗin aiki da na kaya. Ko a lokacin ban ga dabara a wannan ba. Dalmar da kamfani ke liƙi da ita sai zafi ya kai wajen digiri 217 take narkewa, kuma zafin nan ba bakin cajin kaɗai yake samu ba, har maƙwabtansa. Wayar da aka gasa wa allo ba gaira ba dalili ta riga ta ragu.

Mutane kuma ba sa faɗin abin da ya sami wayarsu a tambayar farko. "Haka kawai ta ɗauke, Injiniya." Ka buɗe, ka tarar 'yar farar takardar nan ta ciki, wadda ke rinewa in ta ji danshi, ta koma ja, ga kore-koren tsatsa a kan allo. Ba mugunta ke sa su ɓoye ba. Wani tsoro yake kada kuɗin gyara ya ƙaru, wani kuma wayar matarsa ce ko ta mahaifinsa, ba ya son a san shi ya yi ɓarnar. Ban taɓa jin maigida ya ƙaryata mutum a gaban jama'a ba. Sai dai ya ce, "Alhaji, a aljihun gaba kake sa ta ko?" In ya ce e, to an gano bakin zaren: an sunkuya alwala ta zame cikin ruwa. Daga nan baki ke buɗewa, mutum ya faɗi ranar, ya faɗi cewa ya tura ta cikin buhun shinkafa ta kwana biyu, da ya fito da ita ya jona caji ya ga ko za ta kawo. Shinkafa ba ta tsotse ruwan da ya shige ƙarƙashin aisi, har kamfanin Apple sai da ya rubuta a shafinsa na taimako cewa kada a yi haka. Jona cajin kuwa shi ke ƙarasa ta, don wuta in ta bi ta kan danshi, nan da nan take cinye ƙarfe. Da a ranar ya kashe ta ya kawo, sau da yawa cire batir da wanke allo da sifirit sun wadatar.

Da na samu izinin zama a teburin gyara, abin da ya fara damƙa mini mitar auna wuta ce. Batirin waya in ya cika yana nuna bolt 4.2 ko ɗan sama da haka, tsaka-tsakinsa 3.7 zuwa 3.8, in ya sauka ƙasa da 3 wayar ko motsi ba za ta yi ba. Akwai kuma na'urar da ke ba waya wuta a madadin batir, mai nuna yawan wutar da allo ke ja. In allurarta ta tashi tun ba ka danna maɓallin kunnawa ba, to akwai shot a wani wuri, wato wuta na bin hanyar da ba tata ba. Ya nuna mini, ya maimaita, ya ce kada in canza komai, kada in goge komai, sai na auna. Ya kuma ce in riƙa zargin batir da wuri, don zafin Kano kaɗai ya ishe shi. A watan Afrilu rana tana haura digiri 40, ga direba ya bar waya a gaban gilashin mota, ga wani ya sa caji ya danne ta da matashi ya yi barci. Batirin da ya sha irin wannan yakan kumbura, wani har ya ɗaga murfi ko sikirin. Wani kuwa in ka auna shi a zaune sai ka ga kamar lafiya, amma da an nemi wuta mai yawa daga gare shi sai ya durƙushe.

Duk wannan na san shi ranar da wata Hajiya ta zo, kuma shi ne abin da har yau yake ci mini rai.

Asabar ce bayan la'asar, kasuwa ta cika maƙil, maigida ya fita karɓo kaya. Dattijuwa ce, za ta yi sa'ar mahaifiyata, jikarta na riƙe da jakarta. Wayar Android ce mai matsakaicin kuɗi, ta ɗan kwana biyu a hannu. In an kunna sai ta nuna tambarin kamfani, ta tsaya, ta ɗauke, ta sake kawowa, haka ba iyaka. Irin wannan a kasuwa magani ɗaya ake fara kira masa, falashin, wato a jona waya da kwamfuta a sake zuba mata manhajar da ke tafiyar da ita. Mutum uku na tsaye suna jira. Na zare layi na miƙa mata, na ce, "Mama, ki zauna, minti ashirin ne." Ban buɗe bayan wayar ba, ban ɗora mita ba. Cikin tambayoyi shidan nan biyu kacal na yi, ta ƙarshen ba ta ciki. A kwamfuta kuma na zaɓi hanyar da ke share komai kafin ta zuba sabo.

Aka gama, na zare igiya, na kunna. Tambari, ta ɗauke. Tambari, ta ɗauke.

Ina cikin haka maigida ya dawo. Ya karɓa, ya ɗaga murfin baya, ya shafa batirin da yatsa, ya juyo da shi ya nuna mini ɗan tudun da ya yi a tsakiya. Ya cire shi, ya jona wayar da na'urar wuta a kan bolt 4, sai ga ta ta tashi tsaf har shafin zaɓen harshe, kamar yau aka ciro ta daga kwali. Batir ne kawai. A lokacin tashi waya ke jan wuta da yawa, tsohon batirin ya kasa ɗauka, ƙarfinsa ya faɗi, ta mutu ta sake farawa. Manhajarta ba abin da ya same ta. Ya dube ni ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji, ya ce, "Ka tambaye ta?" Na yi shiru. Ya ce, "To kai za ka faɗa mata."

Na zagayo na durƙusa a gaban bencin da take zaune. Na ce, "Mama, ki yi haƙuri. Wayar ta tashi, amma duk abin da ke ciki ya goge. Laifina ne, ban tambaye ki ba." Ta ce lambobi ba komai, jikarta za ta sake sa mata. Sai ta yi ɗan jim, ta ce, "Har da muryar?"

Ɗanta ne, direban babbar mota. Ya rasu a haɗari wata bakwai kafin ranar, wayarsa ma ba a same ta ba. Ita ba ta karatun boko, saboda haka duk hirarsu a WhatsApp da murya suke yi, ya aiko daga Legas, daga Fatakwal, daga duk inda dare ya yi masa. Saƙonnin shekara biyu. Ta ce kullum in ta idar da isha'i takan kunna ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta aibata ni ba. Ta yi salati, ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ɗana." Da marina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Maigida ya riƙe wayar kwana uku muna gwada manhajojin dawo da bayanai. Amma na riga na share, na kuma zuba sabo a kai, ga shi wayoyin yanzu a kulle suke ajiye bayanansu, da zarar mabuɗin ya goge abin da ya rage ba mai iya karanta shi. Muka koma neman ko WhatsApp ya ajiye kwafi a Google Drive. Adireshin Gmail ɗin yaron shagon da aka sayi wayar ne ya buɗe mata, ba ta san shi ba balle lambar sirrinsa. Da ƙyar muka gano shi ta hanyar layinta, muka shiga, muka tarar ba a taɓa kunna ajiyar ba. Ya sa mata sabon batir, bai karɓi ko kwabo ba, bai kuma cire daga kuɗina ba. Ni kuwa ya mayar da ni bakin kanta na wata guda, ban ce uffan ba.

A zaman nan na biyu da wani kunne nake jin amsar tambayar ƙarshe. Ɗan kasuwa ya ce duk lissafin bashin da yake bi yana cikin saƙonni. Ɗaliba ta ce aikinta na kammala digiri yana ciki, ba ta da wani kwafin. Wani hotunan takardun filinsa, wani karatun malaminsa da ya rasu. Ita wayar, in ta ƙi gyaruwa, layin masu sayar da Tecno da Infinix da Itel yana nan, kafin magariba mutum ya sayi wata. Abin da ke cikinta ne ba a sayarwa a kowane shago, kuma akasarin masu kawo mana gyara guda ɗaya tak suke da shi, ba su ma san haka ba sai ranar da ya tafi. A makaranta ba wanda ya taɓa yi mana wannan maganar.

Yanzu da nake da nawa teburin, ba na sallamar mai waya sai mun zauna tare na ɗan lokaci. In buɗe masa ya ga adireshin Gmail ɗinsa, in sa ya rubuta a takarda ya kai gida, in kunna masa ajiyar WhatsApp. Da yawa sukan ce tana cin data, kuma gaskiyarsu ne, don haka ta farko da intanet ɗin shago nake yi musu, hotuna kuma in kwafe a memori. Yaron da ke koyo a wajena yau wata uku ke nan yana bakin kanta. Na ga alamar ransa ba ya so.

Bayan kamar mako biyar da wancan abin, Hajiya ta dawo ita da jikarta. Yarinyar ce ta tuna cewa marigayin yakan yi magana a zauren WhatsApp na 'yan gidansu, ta bi tsofaffin saƙonni a tata wayar har ta samo guda biyu da ba su goge ba. Ɗaya daƙiƙa 19 ne, ɗayan 41. Cikin saƙonnin shekara biyu abin da ya dawo ke nan. Na sa su a wayar Hajiya, na sa a memori, na kuma ɗora a Google Drive, jikar ta rubuta lambar sirrin a bayan takardar asibitin kakarta don kada ta ɓata.

Hajiya ta ce in kunna mata ta ji ko sun shiga. Maigida ya leƙa shagon kusa ya roƙi a rage ƙarar sifika. Na danna na farkon, murya ta fito, a bayanta ana jin ƙugin motoci: "Salamu alaikum 'yan gida, mun iso Lokoja lafiya, a nan za mu kwana. A gaida Umma, a ce mata kada ta manta da maganinta."

Ta karɓi wayar da hannu biyu ta kara a kunne, duk da muryar ta riga ta yi shiru. Ta ce, "Ɗana, nuna mini inda zan danna ya sake."