Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Zanen Aro

Maganar kekunan Baba ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma in ban fitar da ita ba babu abin da zan iya rubutawa, don haka masu jiran labarin zamana a Tudun Wada ku yi mini uzuri.

An ja wuta gidanmu a 1975, shekarar da aka naɗa marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris. Kawu na Kusfa ne ya matsa, shi da yake aikin reluwe a Sabon Gari, ya saba da hasken lantarki. Baba bai hana ba, bai kuma yi murna ba. Da aka rataya ƙwan a zaure yara muna ta sowa, sai ya ɗaga kai ya dube shi ya ce, "Wannan zanen aro ne, ba ya rufe katara." Har ya bar duniya fitilar ƙwai ba ta bar gefen tabarmarsa ba, kullum da kalanzir a cikinta, lagwani a gyare.

A zauren nan kekunan ƙafa uku ne. Baba shi ke yanka, shi ke haɗa jikin riga, sannan a kai wa Malam na bayan masallaci ya zana aska biyu ko aska takwas da alƙalami da tawada. Daga nan rigar ta shiga hannun masu ɗinkin hannu, wata ta yi wata guda, wata ta fi, kafin a kai wa masu bugu. Riga ɗaya takan ci da gida biyar ko shida a unguwarmu. Fatake na zuwa daga Kano da Ilori su saya. Farin yadin da muke yi wa talaka riga da shi kuwa daga Kaduna yake zuwa, audugarsa ta ƙasar nan ce, ta Funtuwa da ƙauyukan Zazzau, a nan Zariya ake gurzar wata. Masaƙar farko ta Kaduna tun 1957 aka buɗe ta, zamanin Sardauna. Ta rufe a 2002, babbar 'yar uwarta ta bi ta a 2007. Duk wanda ya yi aiki a can zai gaya maka tsadar wuta da baƙin mai da yadin fasa-ƙwauri ne suka haɗu suka kwantar da su. Yau ko zaren da nake ɗinki da shi daga China yake zuwa.

Baba ya rasu zamanin Abacha. Ba a yi sadakar arba'in ba Yaya ya kira ni soro ya ce, "Auta, zamani ya wuce keken ƙafa. Sayarwa za mu yi, mu kawo na wuta da keken aikin wuya." Na ce, "Yaya, a bar ko ɗaya ne." Ya ce ni yaro ne, ban san kasuwa ba. Washegari da hantsi wani mutum ya zo da a-kori-kura ya kwashe su duka, har da wanda Baba ya ɗaure wa ƙyalle a mataki don kada ya goge masa tafin ƙafa. Inna tana tsaye a bakin ƙofar tsakar gida, ba ta ce uffan ba.

Ina rubuta wannan ne don na san 'ya'yan Yaya suna karantawa. A taron suna da na biki ana yawan cewa wai ni ne na kasa riƙe sana'ar gida. Wanda ya sayar da kekunan bai yi shekara biyu a shagon ba ya tafi Abuja ya bar ni da injinan da ba sa motsi sai an kawo wuta. A dai riƙa faɗin magana yadda take.

Duk da haka ba zan zalunce shi ba, lissafinsa daidai ne a takarda. Aikin wuyan da hannu zai yi mako yana yi, keken wuta kafin la'asar ya gama. Inda da wuta tsayayya, da yanzu ina da yara ashirin a ƙarƙashina. Abin da Yaya bai saka a lissafi ba shi ne maganar Baba.

Ba zan manta wani azumi ba, goman ƙarshe, shago cike da ɗinkin sallah har ba wurin sa ƙafa. Ana cikin asham muka ji ƙara kamar an harba bindiga, unguwa ta yi duhu. Taransifoma ce ta ƙone. Da safe muka bi mai unguwa zuwa wurin masu wuta, aka ce babu wata a ajiye, in muna so da wuri sai mu taimaka. Aka buɗe littafin karo-karo. Gidan da ke da shago ko injin niƙa ya biya ninki. Zawarawa masu sayar da ƙanƙara da zoɓo suka ciro kuɗin adashi. Mu muka sayi mai, mu muka biya gyara, mu muka biya motar da ta ɗauko ta, kuma ba ta dawo ba sai bayan hawan daushe. A daren jajiberi ina guga da dutsen gawayi, yaro yana haska mini da tocila, sai tartsatsi ya faɗo a kafaɗar farar shaddar wani Alhaji, ya huda ta daidai inda ido ke fara sauka. Mutumin ya zo bayan asuba, ya ɗaga rigar ya duba, ya ce, "Malam, Allah ya kiyaye gaba." Bai karɓi kuɗin da na miƙa masa ba, bai kuma sake kawo mini ɗinki ba, shi da 'yan uwansa duka. Ƙarshen wata takardar kuɗin wuta ta zo cif, kamar ba a yi kwana ɗaya cikin duhu ba, domin ba mu da mita, ƙiyasi ake yi mana.

A nan ne ni da Baba muka rabu a fahimta, Allah ya jiƙansa. Shi ya ce aro ce. Abin aro ai ba ka biya ba, in mai shi ya karɓe sai ka yi godiya. Mu kuwa falwayar da ke ƙofar gidanmu da kuɗinmu aka kafa ta, wayar da ke kanta mu muka saya. Madatsar Kainji tun 1968 take, ta Shiroro ga ta nan a Jihar Neja, maƙwabciyarmu, da dukiyar ƙasa aka gina su. Sunan hukumar wuta ya tashi daga NEPA ya koma PHCN a 2005, a watan Nuwamba na 2013 aka miƙa rarraba wutar ga 'yan kasuwa, kowane karo ana ce mana an kusa. To don me abin da na biya zai riƙa zuwa mini kamar alfarma? Wannan tambayar na so a ce Baba yana raye in yi masa, domin haƙurin nan da suka koya mana, ina ganin shi ma ya taimaka aka raina mu.

Shekarun janareta ba ni da abin faɗa a kansu sai hayaƙi da ciwon kai. Mun lallaɓa a haka har 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. In na tayar da inji na ɗinka kaftani, kuɗin mai ya cinye ladan. In na ƙara kuɗin ɗinki, mai kaya ya ce shi ma da ƙyar ya sayi yadin, kuma gaskiya ya faɗa. Yarana na shago suka watse ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kowa hannu a cikinsu, wanda na so ya gaje ni, yau Keke Napep yake ja tsakanin Ƙofar Doka da Kwangila. In ya gan ni yakan tsaya ya ce, "Baba, hau in sauke ka." Nakan hau, amma raina ba ya so.

Tun 2020 aka raba mu rukuni-rukuni wajen samun wuta. 'Yan rukunin A aka ce za su samu awa 20 a rana, a watan Afrilu na 2024 kuma aka mayar da kuɗinsu naira 225 kowane ma'auni. Na je neman shago a layin da wuta ke zama, sai na tarar masu gidaje sun riga ni lissafi, haya ta ninka. Yanzu a garin nan kafin a tambayi ko ɗaki yana yoyo, ana tambayar wane layi yake kai. Mu 'yan cikin ganuwa, masu gidajen gado da lunguna, aka bar mu da ragowa.

Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa na Inna ne. Ciwon suga ya kama ta da tsufa, allurar insulin ake yi mata, ita kuma ba ta son zafi. A watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata manyan layukan da ke kawo wuta Arewa, aka yi fiye da mako guda babu ko ƙyalli, firjin maƙwabcinmu da muke ajiyewa a ciki ya zama akwati. Uwargidana ta samo sabuwar tukunyar ƙasa ta zuba yashi, ta jiƙa shi, ta nannaɗe kwalbar a leda ta binne a ciki, ta ajiye a gindin randa. Safe da yamma tana yayyafa ruwa. Wani dare jikin Inna ya rikice muka kai ta wani ƙaramin asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ta sa wayarta a baki tana haska hannun Inna tana neman jijiya, domin su ma man injinsu ya ƙare. Yarinyar ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya saka mata. Inna ta buɗe ido ta ga duhun, ta ce, "Auta, ai mahaifinku ya faɗa." Na ce, "Ya faɗa, Inna." Ban ja da ita ba, ba lokacin gardama ba ne.

A makon duhun nan na Oktoba ma cinikin da ya rage mana ya tsaya cak. 'Yata ta biyu ce ke ɗaukar hoton ɗinki ta tura wa mutane ta WhatsApp, da haka muke samun masu kaya daga Kaduna har Legas. Waya ta mutu, masu caji sun ninka kuɗi, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, mai POS na bakin kasuwa ya ce kuɗi ba sa shiga. Wata mata da ta ba mu ɗinkin biki ta zaci mun gudu da kayanta ne. Tun daga lokacin nake tara kuɗin sola, kuma duk sanda na kusa sai farashin batir ya matsa gaba.

Shekaranjiya littafin karo-karo ya sake zagayowa, wai man taransifoma ya yi ƙasa. Yaron mai unguwa ne ya kawo. Na ce ya gaya wa mahaifinsa zan biya, amma wannan karon sai an rubuta takarda, kowa ya sa hannu, an kai wa masu wuta cewa abin da muka kashe a cire mana daga kuɗin wata, kuma a kawo mana mita. Wasu dattawa sun aiko mini cewa kada in jawo a yanke wa unguwa wuta gaba ɗaya. Ran Juma'a bayan la'asar za a zauna a ƙofar gidan mai unguwa, kuma zan je da tsofaffin rasit ɗina duka. Yadda aka kwashe zan kawo muku mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.