Na yi wa gidanmu fentin waje da kaina

Toh jama'a, bana dai ni na yi fentin wajen gidanmu, ni da ƙanena da wani yaron maƙota da yake riƙe mana tsani. Mai fenti ya zo ya zagaya ya faɗi kuɗin aikin hannu kawai ban da kaya, na ce masa Malam bari in yi shawara, shawarar kenan har yau. Gidan na bulo da siminti ne kuma ba bene ba, shi ya sa ma na yi ƙarfin halin.

Shafa fentin shi ne ƙaramin aiki wallahi, wahalar tana wajen shirya bangon. Sai ka bi da sikirefa da burushin waya ka kankare duk inda tsohon fenti ya kumbura ko yake ɓarewa, ka cire fastocin 'yan siyasa da gam ɗinsu, ka wanke ƙurar da ruwa ka bari ya bushe sarai, kuma ka ɗaura takunkumi ko ƙyalle a hanci don garin nan ba abin shaƙa ba ne. Duk tsagar da ka gani ka ɗan buɗe ta ka cusa kwaɓin siminti, in ka bi ta da fenti haka kawai damina ɗaya za ta sake bayyana. Sabuwar filasta kuma ana barinta kamar sati huɗu kafin fenti ya hau.

Sai gindin bango, nan ne matsalar yawancin gidajenmu. Ka ga farin abin nan da yake fitowa kamar kanwa, ka taɓa ya zube a hannunka? Danshi ne yake tasowa daga ƙasa da gishirinsa, ko ruwan kwata yana kwanciya a wajen ko indararo yana zuba yana fallatsi. Mu namu indararo ne gajere, sai da muka ƙara masa fayif muka zuba kankare a ƙasan. In ba ka kashe hanyar ruwan ba, ko Dulux ko Berger ka saya haka zai tashi, a zo ana zagin kamfani a banza.

Lokaci ma da muhimmanci. Mutane sun saba sai sallah ta matso a tashi fenti, alhali sallah zagayawa take, wata shekarar ta faɗo tsakiyar damina. Ni dai a ganina babu kamar bayan ruwa ya ɗauke, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bango ya sha iska kuma hazo bai sauko sosai ba, don in hunturu ya kankama ƙura kan ɗanyen fenti take zama ta manne. Kuma ka bi inuwa, bangon yamma da safe, na gabas bayan azahar, bango mai zafi yana busar da fentin tun bai kama ba sai ka ga sawun rola layi-layi.

Kayan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na sayo. Ka ce musu na waje kake so, ka karanta jikin bokitin da idonka, don akwai mai arhar nan da in ka jingina sai ya bi maka riga. Bokitin lita 20 ne, kuma don Allah kar ka cika masa ruwa wai don ya yi auki, iya abin da aka rubuta za ka zuba. In bokiti biyu ne ko uku ka haɗa su waje ɗaya ka juya sosai da sanda, in ba haka ba kalar takan ɗan bambanta daga wannan bango zuwa wancan. Tekskot, wato fentin nan mai kaushi, yana ɓoye munin filasta amma yana riƙe ƙura, ni mai santsi na ɗauka. Fari tas kuwa a unguwar da babu kwalta ai ɓata kuɗi ne, ruwan madara muka yi, ƙasan kuma ruwan ƙasa mai duhu zuwa gwiwa saboda fallatsin taɓo da awaki masu goga jiki.

Daga sama ake farawa a sauko, rola a ɗaure a doguwar gora, lungu da gefen taga da ƙaramin burushi, shafa biyu, sai ta farko ta bushe ake ta biyu. Get da ƙarfen taga fentinsu daban ne, mai mai, a goge tsatsa da sanfefa a fara sa jan nan na hana tsatsa, burushinsa kuma da kananzir ake wankewa.

Ka dai lura da wayar wuta inda ta shigo gidan ta sama, musamman in tsanin ƙarfe ne, ko da an ɗauke wuta ba ka san sanda za a kawo ba. In kuma gidanka bene ne, ka yi na ƙasa da katanga, saman ka bar wa masu sikafol, wato dakalin ƙarfe ko katako da ake haɗawa a hau a yi aikin sama.