Wasiƙa daga Faransa a kan Turaren Mata Mai Ƙamshin Hoda

Zuwa ga 'yan'uwana masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na rubuto muku ne daga Faransa a kan wani nau'in turaren mata da manyan gidajen ƙawa suke haɗawa, wanda ake yawan yi masa gurguwar fahimta, wato turaren fure mai ƙamshin hoda. Ba ya cika ɗaki kafin mai shi ta shigo, kuma ba ya hawa kai. Ƙamshinsa busasshe ne mai laushi da sanyi, yana lafewa a fata, sai wanda ya matso kusa ne yake jin sa sosai.

Ginshiƙin wannan ƙamshi shi ne saiwar furen airis, musamman wadda ake nomawa a yankin Taskani na Italiya. Ɗanyar saiwar kusan ba ta da ƙamshi. Sai tsiron ya yi kimanin shekara 3 a ƙasa, a tono saiwar, a fere ta, a shanya, sannan a adana ta wasu shekarun kusan 3 kafin ƙamshin ya nuna, shi ya sa man da ake samu daga gare ta yake cikin kayan haɗin turare mafiya tsada a duniya. Da garin wannan saiwa aka daɗe ana ƙamsasa hodar fuska a Turai, har hanci ya daina raba su.

Na biyunsa shi ne ƙamshin furen bayolet, wanda ya yi arha bayan da masana biyu a Jamus, Tiemann da Krüger, suka haɗa sinadarinsa a 1893. Wannan sinadari yana da wata ɗabi'a mai ban mamaki, domin yakan dusashe hanci na ɗan lokaci, mace ta zaci turarenta ya gudu, ta ƙara fesawa, alhali na kusa da ita suna jin sa sarai.

Masu cewa turaren tsofaffi ne suna da ɗan uzuri, tun da L'Heure Bleue na gidan Guerlain, wanda yake cikin irin wannan turare, ya fito ne a 1912. Amma a ganina sun yi gaggawar yanke hukunci. A 2000 gidan Kenzo ya fitar da Flower, inda gwanin haɗa turare Alberto Morillas ya haɗa bayolet da wardi da miski, 'yan mata suka karɓe shi hannu bibbiyu, sannan a 2007 Prada ta kawo Infusion d'Iris, wanda ƙamshinsa yake da tsabta irin ta tufafin da aka gama gogewa yanzu.

'Yar'uwa, idan za ki gwada, kada ki dogara da 'yar takardar da ake fesa miki a kanti, domin abin da yake fara tashi ba shi ne turaren ba. Ki fesa a wuyan hannu, kada ki murza, ki ba shi sa'a biyu ko uku har miskin ya zauna. A lokacin zafi mai tsanani fesawa ɗaya ko biyu ta wadatar, saboda gumi yana ƙara masa nauyi, kuma busasshiyar fata tana saurin sakin sa idan ba a shafa mata mai marar ƙamshi tukuna ba.

Wassalam,
'Yar'uwarku a Faransa