Wai iskar ƙauye ta fi ta birni tsafta?

Kullum mutanen birni sai ka ji suna cewa bari su je ƙauye su sha iska mai kyau, kuma ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a goslo wajen Ƙofar Nassarawa ko Kurna a Kano da la'asar, adaidaita sahu gaba da baya, ga tirela tana bulbulo baƙin hayaƙi daga salansa, ga janareta a ƙofar kowane shago, ya san me ake nufi. Ni 'yan talla da masu ba da hannu nake tausayi, su a nan suke yini.

Abin da ya fi illa ma ba wanda ido ke gani ba ne, wasu 'yan mitsi-mitsin ɓurɓushi ne da masana ke kira PM2.5, silin gashin kai ya ninka su kauri kusan sau 30, shi ya sa hanci baya iya tace su, sai su zarce can cikin huhu har su shiga jini. Asma, nimoniya, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, duk da hannunsu a ciki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'auninta na shekara na yawan wannan ɓurɓushin da bai kamata a wuce ba daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska.

To amma ƙauyen fa? Leƙa madafa da magariba. Baiwar Allah ta durƙusa gaban murhu tana hura ɗanyen icce ko kara, ɗakin ba taga, jinka ta yi baƙi ƙirin, ido na hawaye, ga goyo a bayanta shi ma yana shaƙa, kuma safe da yamma ne, shekara da shekaru. In ta fara tari a ce sanyi ne. Hukumar dai ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida na kashe mutum wajen miliyan 3 duk shekara a duniya.

Hazon hunturu kuwa da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi bai san birni ko ƙauye ba, balle a haɗa da ƙona daji don farautar gafiya.

Cewa kowa ya koma gas a wannan tsadar zancen baki ne kawai. Amma fitar da murhu tsakar gida, busar da icce kafin a hura, da miƙa jariri ga wani a lokacin girki, waɗannan ba sa cin ko sisi.